Allurar cika fuska: sauƙin shiga, wuyar fita

A farkon ƙarni na 20, in ana lissafin kyawawan matan Turai, da wuya a gama ba a ambaci Gladys Deacon ba. Iyayenta Amurkawa ne, an haife ta a Paris a 1881, kuma masu zane da marubuta da 'ya'yan sarauta sun yi ta rububi a kanta. Ita kuwa abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: wata 'yar lotsawa a karan hancinta, daidai inda hanci ya haɗu da goshi. So take hancin ya miƙe sambal irin na gumakan Girka. Tana da shekara 22 ta je aka ɗura mata kakin farafin a wurin, ɗan'uwan wanda ake yin kyandir da shi. Hanci ya miƙe na ɗan lokaci. Daga baya kakin ya fara zamewa a ƙarƙashin fata, ya gangaro ya taru a haɓa, ya sauya mata kamanni. Ta auri basaraken Marlborough na Ingila a 1921, auren ya lalace, ta koma zaman kaɗaici tana gudun idon mutane, har ta rasu a 1977 a wani asibiti da ke Northampton.

Likitocin zamaninta ba mugunta suka yi mata ba. Tun 1899 wani likitan fiɗa na birnin Biyana, Robert Gersuny, ya fara cike gurbi a jikin mutum da irin wannan maiƙo, aka ga abin ya yi kyau, kowa ya ɗauka. Sai da shekaru suka ja sannan aka fara ganin ƙulluttai masu tauri kamar dutse, da gyambon da ba ya jin magani. Da aka bar kaki aka koma ruwan silikon bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ma aka maimaita wannan wahala. A 1981 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani sinadari da ake samu daga fatar shanu, wanda jiki ke cinyewa cikin 'yan watanni. Kasuwar da muke gani yau ta buɗe ne a Disambar 2003, lokacin da hukumar ta amince da Restylane, sannan Juvéderm ya biyo baya a 2006.

Waɗannan biyun da ire-irensu an yi su ne da hayaluronik asid, wani abu mai yauƙi da jikin ɗan Adam da kansa yake ƙerawa a fata da gaɓoɓi da cikin ido. Karl Meyer da John Palmer ne suka fara ware shi daga idon saniya a 1934. A yau a masana'anta ake samar da shi ta hanyar kiwon wasu ƙwayoyin bakteriya, a ɗaure shi da wani sinadari don kada jiki ya narkar da shi da wuri, a zuba a sirinji. Sirinji ɗaya mililita 1 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi. Da shi ake kumbura leɓe, a tayar da kumatu, a cike ramin ƙasan ido, a miƙar da karan hanci, a fito da haɓa. Masu sana'ar suna kiransa fila, kuma ya bambanta da Botox, wanda aikinsa sassauta tsokar fuska ne don tamoji ya kwanta. Botox ba ya cike komai. Fila kuwa abu ne mai jiki da ake ajiyewa a cikin nama, kuma daga nan matsalolinsa suke tasowa.

Abin ba na Turawa kaɗai ba ne yanzu. Ana yin sa a Legas da Abuja, a asibitoci da kuma shagunan gyaran jiki. Wasu matanmu a Dubai ko Istanbul ko Alƙahira suke haɗawa da sayayyar kayan lefe, su dawo ba wanda ya sani. Tallarsa na zuwa har cikin ɗaki ta Instagram da TikTok: hoton kafin, hoton bayan, minti goma sha biyar, babu yanka babu ɗinki. Hoton da ba a sawa shi ne na kwana uku bayan allura, ko na shekara uku.

Garin neman gira

Yawancin waɗanda aka yi wa wannan allura a hannun ƙwararre ba sa ganin komai sai ɗan kumburi da taruwar jini, su baje cikin mako ɗaya ko biyu. Wannan gaskiya ce, kuma bai kamata a ɓoye ta don a tsorata mutane ba. Amma akwai haɗari guda da duk likitan da ya san aikinsa yake ɗauke da fargabarsa kullum ya ɗauki sirinji, shi ne bakin allura ya faɗa cikin jijiyar da ke kai jini.

Fuska cike take da irin waɗannan jijiyoyi, kuma shimfiɗarsu ba iri ɗaya ba ce a kowane mutum. Akwai babba da ke hawowa ta gefen muƙamuƙi, ta raba reshe ga leɓen ƙasa da na sama, ta bi gefen hanci har zuwa kusurwar ido. In fila ya shiga ciki, sai ya toshe ta kamar yadda laka ke toshe bututu. Fatar da wannan jijiya take ciyarwa sai ta rasa jini. Da farko wurin ya yi fari fat, sau da yawa tare da zafi mai tsanani wanda ya wuce na tsirar allura, ko da yake maganin kashe zafin da ake gaurayawa a cikin fila kan rufe wannan alama. Bayan 'yan sa'o'i sai wani zane-zane mai duhu kamar raga ya fito. Kwana biyu zuwa uku ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso. Daga nan fata ta yi baƙi, ta mutu, ta zube. Akwai waɗanda suka rasa gefen hanci ko wani sashe na leɓe ta wannan hanya, sai da aka yanko nama daga wani wuri aka yi musu faci.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na ido. Jijiyoyin goshi da na karan hanci rassa ne na babbar jijiyar da ke ciyar da ido. In mai allura ya danna sirinji da ƙarfi alhali bakin allura na cikin ɗayansu, fila kan tafi da baya, ya saɓa wa gudun jini, ya kai gindin jijiyar a bayan ido. Da zarar ya saki yatsa, jini ya turo shi gaba, ya cusa shi cikin 'yar siririyar jijiyar da ke ciyar da tantanin gani. Mutum na zaune a kujera sai ya ce duhu yake gani. Abin da zai cike wannan hanya bai kai kashi ɗaya cikin goma na sirinji ba. Wani lokaci ma yakan wuce har ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido, to a nan maganar ta tashi daga karin magana ta koma zahiri.

A 2015 wata likitar fata a Kanada, Katie Beleznay, da abokan aikinta sun tattara duk rahotannin da aka taɓa wallafawa a mujallun likitanci kan lalacewar gani ta dalilin fila, suka sami mutum 98. Wurin da ya fi haɗari shi ne tsakanin gira, sai hanci, sai layin da ya sauko daga gefen hanci zuwa baki, sai goshi. Da suka sake dubawa a 2019 sun ƙara samun 48 cikin ƙasa da shekara huɗu, kuma a wannan karon hanci ne ya ɗauki fiye da rabi, saboda yayin miƙar da hanci ba tare da fiɗa ba. Waɗannan su ne kawai waɗanda likitoci suka rubuta suka wallafa. Mai shagon kwalliya ba ta rubuta rahoto. Mafi yawan waɗanda suka makance haka ganinsu bai dawo ba, domin tantanin gani ba ya jure rashin jini. Tsohon ƙiyasi ya ce kamar minti 90, wasu masana kuma na ganin lokacin bai ma kai haka ba.

Shin sau nawa toshewar jijiya ke faruwa? Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2021, wanda ya bi aikin likitocin fata 370, ya sami toshewa ɗaya cikin kowane sirinji 6,410 in da allura mai tsini aka yi, da ɗaya cikin 40,882 in an yi amfani da siririn bututu mai dakusasshen baki. Adadin kaɗan ne. Sai dai a lura da hannun waɗanda aka ƙirga: likitoci ne da suka yi shekaru suna karatun fata, kuma ko a cikinsu waɗanda suka haura shekara biyar suna aikin sun fi sababbi tsira nesa ba kusa ba. Wannan lissafi bai shafi wadda ta yi kwas na kwana biyu ta sayo kaya ta intanet ba.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye, wanda littattafan koyarwa suka daɗe ba su kula da shi ba. Kusan duk hotunan da ake koyar da alamun toshewa da su na farar fata ne, inda fari da ja da shuɗi ke fitowa ɓaro-ɓaro. A baƙar fata wurin kan yi toka-toka ne kawai, ko ya ɗan dushe, sai mai lura sosai zai gane. Shi ya sa ƙwararre yakan danna fatar da yatsa ya saki, ya ga ko jini ya dawo nan take, ya kwatanta da ɗaya gefen, ya leƙa cikin leɓe da cikin hanci inda launi ba ya ɓuya. Ga kuma fatarmu da saurin yin baƙin tabo bayan kowane rauni, wasu ma tabon ya yi tudu ya ci gaba da girma. In aka haɗa da bilicin abin ya ƙara dagulewa. Da yawa daga mayukan hasken fata na ɗauke da sinadarin sitiroid, wanda ke sa fata ta yi siriri, ta rage ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta, ciwo ya daɗe bai warke ba. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiyar ƙasa a 2023. Fatar da ta yi shekaru tana shan irin wannan mai ba za ta ɗauki rauni kamar lafiyayya ba.

Abin da ke zuwa daga baya

Ba duk matsala ce ke bayyana ran allura ba. In an sa fila sama-sama a ƙasan ido, wurin kan yi duhu da kumburi kamar wanda ya kwana yana kuka, domin hayaluronik asid na jan ruwa. A leɓe, in an cika yawa ko an yi ta maimaitawa, yakan tsallake iyakar leɓen ya taru a sama, baki ya turo gaba. Wanda ke da ƙurajen zazzaɓi a leɓe, tsirar allura kan tayar masa da su.

Sai kuma ƙullutu, wanda shi ne ya fi yawan kai mutane wurin likita. Wani tarin fila ne kawai da ba a baza da kyau ba. Wani kuma sai bayan watanni ko shekara ya fito, da ja da zafi da tauri, sau da yawa bayan mura mai ƙarfi ko aikin haƙori, lokacin da garkuwar jiki ta tashi ta ga baƙon abu ta far masa. Akwai kuma wanda ƙwayoyin cuta ne suka shiga tun ranar allura, daga fata ko hoda ko hannun da ba a wanke ba, suka lulluɓe kansu a jikin filan suka yi lamo, maganin da ake sha ba ya isa gare su sosai. Irin wannan yakan kumbura ya sauka, ya kumbura ya sauka, har ya tara mugunya. Bambance waɗannan uku shi ne aikin, domin maganin ɗaya na iya zama gubar ɗaya. Wanda ya tsira allurar sitiroid a ƙullutun da ƙwayoyin cuta ke ciki ya ƙara wa wuta fetur.

An daɗe ana gaya wa mutane cewa fila na narkewa da kansa cikin wata 6 zuwa 18. Hoton MRI ya zo ya girgiza wannan magana. Wani likitan hoto a Ostareliya, Mobin Master, ya wallafa nazari a 2024 kan mutum 33 da aka yi wa fila a kumatu, kuma a dukkansu an ga ragowarsa, alhali mafi kusa ya yi shekara 2 rabonsa da allura, wani har 15. Ma'ana, mai komawa duk shekara don a ƙara mata, da zaton na bara ya tafi, tana iya yiwuwa ɗorawa take yi a kan na bara da na bariya. Ta haka ake samun fuskar nan mai kumburi kamar matashi, wadda mai ita ba ta ankara saboda a hankali ta zo. 'Yar wasan Amurka Courteney Cox ta faɗa a 2017 cewa ta sa an narkar da duk nata, bayan ta gane daga hotuna cewa ta daina kama da kanta.

Narkarwa

Abin da ya sa hayaluronik asid ya fi duk sauran karɓuwa a wurin likitoci shi ne yana da makari. Sunansa hayaluronides, wani sinadari da ke tsinka shi ya mayar da shi ruwa, jiki ya shanye. Da yawansa daga marainan raguna ko bijimai ake tace shi, akwai kuma wanda ake ƙerawa a ɗakin gwaji. Asalin aikinsa a asibiti shi ne taimaka wa magani ya bazu a nama, musamman a fiɗar ido, daga baya aka gano wannan amfanin nasa.

In ƙullutu ne ko fila ya zame, ana tsira ɗan kaɗan a wurin, a jira kwana biyu a ga sakamako, a maimaita in da buƙata. In kuwa jijiya ce ta toshe, babu batun jira. A dakatar da allura nan take, a murza wurin, a gasa da ɗumi, a cika duk yankin da hayaluronides mai yawa, a maimaita kusan kowace sa'a har sai an ga jini ya dawo. Wani likitan fiɗa na Kanada, Claudio DeLorenzi, shi ya shimfiɗa wannan tsari a 2017, kuma in an fara da wuri akasari fata kan tsira ba tabo. Yanzu wasu asibitoci na amfani da na'urar sikanin su ga inda filan yake da inda jijiya ta bi kafin su tsira, aikin da likitocin Rotterdam a Holan suka yi fice a kai. Ga ido kuwa, har yau babu maganin da aka tabbatar yana dawo da gani. Abin yi shi ne a garzaya da mutum wurin likitan ido a wannan minti.

Makarin ma ba wasa ba ne. Yana iya tayar da borin jini, wani lokaci mai tsananin da zai toshe numfashi, musamman ga wanda harbin zuma ke yi wa illa, domin dafin zuma na ɗauke da irinsa. Dole wurin da ake yin sa ya kasance da kayan ceton gaggawa. Wasu kuma na kukan cewa bayan narkarwa fuskarsu ta zube fiye da yadda take da can. Likitoci na da saɓani a kan dalili: wasu na ganin tsufan da fila ya lulluɓe shekaru ne ya fito fili, da fatar da ta saba da miƙewa, wasu na ganin yawan maganin da ake zubawa ba awo na da hannu.

Duk wannan bayani ya tsaya ne a kan sharaɗi ɗaya, cewa abin da aka ɗura hayaluronik asid ne. Akwai wasu nau'o'in fila da ba shi ba ne. Radiesse da Sculptra halastattun kaya ne, amma hayaluronides ba ya narkar da su, sai dai a yi ta lallaɓa ƙullutun da allurar sitiroid, wadda ita ma a baƙar fata takan bar farin tabo ko rami, ko a jira jiki ya cinye su. Bellafill da silikon kuwa zama suke yi din-din-din. Silikon ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar ƙwallo da za a tsaga a ciro, yakan ratsa nama ne kamar mai a cikin soso. Cire shi na nufin yanke naman da ya shiga, kusa da jijiyoyin da ke motsa fuska, sau da yawa fiɗa fiye da ɗaya, kuma da wuya a kwashe duka.

Kuɗi ma ba ya kare mutum. Priscilla Presley, tsohuwar matar mawaƙi Elvis, tana cikin matan Hollywood da wani ɗan Ajantina, Daniel Serrano, wanda ba shi da lasisin aiki a Amurka, ya ɗura wa silikon irin na masana'antu, ya kuma sha ɗauri daga baya. A Fulorida an kama Oneal Ron Morris da laifin ɗura wa mutane haɗin da ya ƙunshi siminti da ruwan liƙe taya, aka yanke hukuncin shekara 10 a 2017 bayan mutuwar wata mata. Sirinjin da ba a buɗe kwalinsa a gabanka ba, ba ka san abin da ke ciki ba. Haka nan wani alƙalami mara allura da ake tallatawa a intanet, mai harba fila da ƙarfin iska, wai don mutum ya yi wa kansa a gida: FDA ta gargaɗi jama'a a kansa a Oktoban 2021.

Wa ke riƙe da sirinjin?

Ko a ƙasashen da ake ganin doka ta zauna, wannan sana'a ta riga doka gudu. A Ingila kwamitin da Bruce Keogh ya jagoranta ya yi gargaɗi tun 2013 cewa fila bala'i ne da ke jiran lokacinsa, kuma kariyar da doka ta ba wanda ake yi wa ba ta wuce ta mai sayen biro ko buroshin haƙori ba. Sai a ranar 1 ga Oktoba 2021 aka haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18. A Najeriya NAFDAC ce ke rajistar kayan, majalisar MDCN ke riƙe da rajistar likitoci, jihohi kuma ke sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, kamar hukumar PHIMA a Kano. Shagon da ya kira kansa wurin gyaran jiki, ko mai zuwa gida da jaka, sukan faɗa tsakanin waɗannan hukumomi, har sai an ji ciwo.

A ganina abin da ya fi rashin doka ɓarna a wurinmu shi ne sirri. Mace ta yi a ɓoye, miji bai sani ba, uwa ba ta sani ba. Da dare leɓe ya fara zogi ya sauya launi, ta aika wa mai allurar hoto ta WhatsApp, amsa ta zo: kumburi ne kawai, Hajiya, ki sa ƙanƙara zai sauka. Ƙanƙara kuwa ƙara tsuke jijiya take yi. Kwana uku tana rufe da niƙabi ko takunkumi, in ta je asibiti ta ce ƙurji ne ya fito mata, likita ya rubuta maganin ƙurji. Sa'o'in da za a ceci fatar da su sun tafi wurin kunya. Batun halacci na malamai ne, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya a Malesiya a 2007, ta bambance gyaran aibi da lahani daga sauya lafiyayyar halitta don son rai. Ko me mutum ya ɗauka game da shigar allurar, naman da ke mutuwa magani yake buƙata, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wadda duk da haka ta yanke shawarar yi, ta tambayi sunan mai allurar da lambar rajistarsa, ta ga an buɗe kwali a gabanta, ta ɗauki hoton sunan kayan da lambarsa ta ajiye, domin ranar gyara tambayar farko ita ce me aka sa. Kada ta yarda da abin da ba ya narkewa, komai arahar sa. Kafin ta zauna a kujera ta ce a nuna mata kwalaben hayaluronides da ke wurin, ta duba ko wa'adinsu bai wuce ba, ta ji wane asibitin ido za a kai ta in gani ya ɗauke. In aka fara kame-kame, ta ɗauki jakarta ta fita.